Mayafi a Kan Kwamfuta

"Sake dannawa," in ji Charles. "Ka riƙe na ƙasa, mai alamar taga, sannan ka taɓa na can sama. Kar ka saki na farko sai ka taɓa na biyu."

Zulkiflu ya danna. Fuskar kwamfutar ta ɗan yi duhu kamar an ƙifta ido, ta dawo daidai.

"Ka gani? Ya ɗauka ke nan. Duk abin da ke kan allon ya shiga folda, ba ƙara, ba walƙiya. Na wancan gefen ba zai san komai ba."

Zulkiflu tela ne, yatsunsa da almakashi suka saba. Amma yau ko zare bai zura ba. Yana dawowa daga masallacin Juma'a ya faɗa shagon maƙwabcinsa Charles, mai buga takardu da fotokofi a bakin titin Tudun Wada, ya zauna yana maimaita maɓallai biyu kamar mai hadda. Foldar har ta cika da hotunan banza.

Bara ƙanwarsa Rauda ta tafi aikatau wata ƙasar Larabawa ta hannun wani ejan mai zaƙin baki. Tana isa aka karɓe mata waya da fasfo. Ranar Juma'a kaɗai uwar ɗakinta ke ba ta aron waya, kuma sai ta tsaya a kanta. Wayar Zulkiflu ta tsufa, kiran bidiyo na shiga take mutuwa, shi ya sa a kwamfutar Charles suke amsawa. Matar ba ta jin Hausa, amma tana gane kuka, da murya ta fara rawa take katse kiran. Don haka Rauda ta koyi faɗin komai da fara'a. Tana murmushi, cikin muryar gaisuwa, ta gaya musu an ɗora mata dutsen guga a baya.

Ejan ya ce ƙarya ce, ƙiwa ce ke damunta. A Kaduna, a ofishin da ke bin irin wannan magana, wata jami'a ta saurari Zulkiflu har ƙarshe. Ta ce ita ta yarda da shi, amma maganar baki ba za ta sa a ƙwanƙwasa ƙofar wani a wata ƙasa ba, sai ya kawo abin da ido zai gani. A kira na gaba ya ɗaga wayarsa zai ɗauki allon, uwar ɗakin Rauda ta hango shi. Makonni suka shuɗe ba a sake jin Rauda ba, har Inna Hajo, mahaifiyarsu, ta daina cin abincin kirki. Jiya ne saƙo ya zo cewa za ta kira yau. Zulkiflu ya san idan ya sake yin kuskure, ƙila ba wani kira kuma.

Keke mai ƙafa uku ya tsaya a ƙofar shago. Inna ta sauko daga Gyallesu cikin mayafinta ruwan toka, ta amsa gaisuwar Charles, ta tambayi lafiyar matarsa Suzana da yara. Zulkiflu kuwa ɗan fari ne, ba ta kama sunansa.

"Kai, ta kira?"

"Tukuna, Inna. Ku zauna nan. Ku dai yi ta gaisawa da ita, ku ja zancen. Ko me kuka gani, don Allah kar ku yi kuka."

"Ni za ka koya wa gaisuwa?"

Charles ya sallami wasu ɗalibai biyu daga harabar jami'a ta Kongo, ya ce su dawo an jima, ya tura ƙofa ya bar ta a ɗan buɗe saboda zafi. Suka zauna jira. Fanka na juyawa, masu babur na ta hon a waje.

Kwamfutar ta yi ƙara.

Rauda ta bayyana, ta rame har ƙashin kumatunta ya fito, ga murmushin nan a fuskarta. A gefen allon ana ganin hannun wata mata da awarwaron zinariya.

"Inna, ina wuni?"

"Lafiya lau. Ya aiki? Ya baƙunta? Ya mutanen gidan?"

Inna ta iya. Ta bi dangi ɗaya bayan ɗaya, wadda ta haihu, wanda ya yi zazzaɓi, har da akuyar maƙwabta da ta shiga musu gida. Zulkiflu ya ajiye yatsunsa a kan maɓallan, ya washe baki kamar mai ba da labarin biki.

"Rauda, ki ci gaba da dariya. Idan ta matsa, ki nuna mana wurin. Zan ɗauka ba tare da ta sani ba."

"To, Yaya. Ba ta matsawa fa."

Zancen Inna ya fara ƙarewa. Ta koma kan farashin masara, ta sake komawa kan akuyar. Hannun mai awarwaro ya motsa, yana nuna lokaci ya yi.

Sai wani abu ya fashe a can cikin gidan, yaro ya tsala ihu. Hannun ya ɓace.

Rauda ba ta ɓata lokaci ba. Ta jingina wayar da wani abu, ta juya baya, ta kama gindin rigarta ta fara ɗagawa.

Inna ta zabura. Hoton fuska ta ɗauka za a yi, ba wanda ya gaya mata 'yarta za ta tuɓe gaban yayanta da wani namiji. Kafin Zulkiflu ya ga komai ta fizge mayafinta ta lulluɓe kwamfutar gaba ɗaya, da allon da hannuwansa.

"Inna, ku ɗaga!"

"Ba zan ɗaga ba. Ka kawar da kanka."

Charles ya riga ya juya yana fuskantar bango. Daga can ya yi magana da sauri.

"Danna haka nan. Ba ruwanta da mayafi, daga ciki take ɗauka."

"Yaya?" Muryar Rauda ta fito daga ƙarƙashin mayafin. "Ya yi duhu. Kuna nan?"

"Muna nan. Kar ki motsa."

Ya laluba. Na ƙasa yana nan ƙarƙashin babban yatsansa, amma na saman ya kuɓuce masa lokacin da mayafin ya faɗo. Ya bi layin da ɗan yatsa kamar mai neman bakin allura, ya tsaya inda yake zato, ya danna. Ba ya ganin ƙiftawar allon, ba abin da zai gaya masa ya dace ko bai dace ba. Ya sake dannawa, ya ƙara, ya matsa zuwa na kusa da shi ya danna shi ma.

Muryar matar ta dawo da faɗa. Wani ɗan ƙara, sai kiran ya yanke.

Zulkiflu ya zaro hannuwansa. Haushin Inna ya cika shi, tausayinta ma haka, ya rasa wanne zai fara haɗiyewa.

"Bari in duba," ya ce. "Ban ma san ko ya shiga ba."

"Ba za ka duba ba."

"Inna, in ba a gani ba, ba za a dawo da ita ba. Matar Kaduna za ta gani, na sama da ita za su gani. Maza ne da yawansu."

Inna ta ƙara dafe mayafin. Charles, har yanzu fuskarsa na bango, ya ce a hankali, "Mama, ku ku duba. Zulkiflu ya buɗe foldar ido a rufe, zan gaya masa inda zai taɓa."

Haka aka yi, da laluben da ya ɗauke su lokaci. Sannan Zulkiflu ya koma kusa da Charles, su biyun suna kallon kalandar da ke bango. Suka ji motsin mayafi. Suka ji kujera ta ɗan ja. Ba su ji kuka ba, numfashi kawai, mai tsawo, sau ɗaya.

"Charles," in ji Inna.

"Na'am, Mama."

"Injin nan naka yana fitar da shi da kala?"

"Yana fitarwa."

"To juyo. Ka buga shi a takarda mafi girma da kake da ita. Da kaina zan kai."