Takardar Ntate Lebesa

Shekara ashirin da biyu ina yawo da magana guda a bakina, daga Johannesburg zuwa duk garin da aka gayyace ni. Maganar na'urar awon huhu ce. Mutum ya kama bututu da leɓɓansa ya hura iya ƙarfinsa, na'ura ta faɗi ko huhunsa lafiya yake. Amma kafin ya hura, likita kan danna maɓalli ya gaya mata launin fatarsa. In baƙi ne sai ta sassauta ma'auni, wai mu dama can da ƙananan huhu aka halicce mu. Ta haka mutumin da ƙurar dutse ta fara cin ƙirjinsa yake fitowa da takardar lafiya, a mayar da shi ramin zinariya ya ci gaba da shaƙa.

Na rubuta wannan, na koyar da shi, an tafa min a manyan ɗakunan taro har na saba. Na iya zagin likitocin kamfani da Turanci mai daɗin ji. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, shekara biyu na yi ina ɗaya daga cikinsu, lokacin ina sabuwar likita. Laifi tudu ne, na taka nawa na yi ta hango na wasu, har na zama farfesa a kansa.

Bara da sanyi muka hau wani ƙauye a tsaunukan Mohale's Hoek, can ƙasarmu, ni da Sista Mamello, don mu sake auna tsofaffin ma'aikatan rami da ma'auni guda, babu baƙi babu fari. Sista Mamello ta girme ni da shekara shida, kuma tun da muka fara aiki tare ba ta taɓa jin tsoron farfesancina ba. Fasto ya ba mu ɗakin coci. Kafin mu gama haɗa wayoyi, tsofaffi sun cika farfajiya, kowa ya lulluɓa da bargo, tari na amsa tari.

Wajen sha ɗaya aka shigo da Ntate Lebesa. A kan jaki ya zo, matarsa Mme Makhotso tana jan igiya. Ntate da Mme su ne Baba da Inna a harshenmu. Daga bakin ƙofa zuwa kujera bai fi taku goma ba, amma sau biyu ya tsaya ya dafa bango.

"Ku duba min shi da kyau," in ji matar tana gyara masa bargo. "Da ya zo neman aurena, tsaunin nan da gudu ya haye shi. Yanzu jakin ma ya fi shi zuciya."

"Jakin ba da ke yake zaune ba," in ji shi. Ya so ya yi dariya, tari ya ƙwace.

"Ga irinta nan. Taba ce, Likita. Shekara nawa ina faɗa, sai ya ɓoye lofe a cikin takalmi kamar yaro."

Sista Mamello ta sa masa bututu. "Ntate, hura kamar kana faɗa da Mme."

"Ai in haka ne ba zan ko buɗe baki ba, 'yata."

Ya hura sau uku. Na dubi lambobin na kau da kai. Abin da ya rage masa na huhu bai kai rabin na mutum mai shekarunsa ba. Na sa abin sauraro a bayansa, na ji abin da na san zan ji.

Sai na tambaye shi ko yana da tsofaffin takardun asibitin kamfani, kamar yadda nake tambayar kowa. Fuskarsa ta washe. Ya laluba cikin bargo ya fito da wata ledar burodi, ya warware ta a hankali, ya miƙo min takarda da hannu biyu.

"Wannan kam ba na bari ta jiƙe," ya ce. "Kin ga sa hannun nan na ƙasa? 'Yar gida ce, Mosotho kamar ni da ke. Ita ce baƙar mace ta farko da na gani da farar rigar likita. 'Yar siririya, tabarau ya fi fuskarta girma. Da Sesotho ta gaishe ni, ta ce, Ntate, zauna. A wurin nan fa, inda ake tuɓe mu tsirara a layi ana kiranmu da lamba."

Ba sai na karanta ba, hannuna ne. Dakta M. Ramaili, watan Mayu, 1996. A sama an rubuta: lafiyayye, zai iya aikin ƙarƙashin ƙasa. A gefe kuma ga ɗan akwatin da aka rubuta launin fata, da alamar alƙalamina a ciki.

Ba abin da zai sa ya gane ni. Ranar da dangin mijina suka yanka tunkiya suka raɗa min sunan aure, Mathato, Moliehi Ramaili ta zauna a kan takardun makaranta ba ta ƙara fita ba. Farfesa Mathato Khoali kowa ya sani, mai jiki, mai furfura. Na lissafa lambobin takardar a zuci, domin lissafin da nake koya wa ɗalibai ne. Da Bature ne ya hura wannan adadin a ranar, da na tura shi hoton ƙirji, da wuya kuma a bar shi ya koma rami.

"Shekara nawa ka ƙara yi bayan wannan, Ntate?"

"Bakwai. Ai ita ta cece ni. A lokacin ina ɗan tari, na ɗauka korata za a yi. Sai ta duba na'ura ta ce, Ntate, huhunka ƙalau. Na fito kamar in yi rawa."

"Da ka yi rawar tun lokacin," in ji matarsa, "yanzu kam sai dai ka gyaɗa kai."

Kunya ta rufe ni tun daga tafin ƙafa. Ban tuna fuskarsa ba, wannan ma wata kunyar ce, amma na tuna ɗakin. Na tuna babban likitan da ya nuna min maɓallin a makona na farko. Sau ɗaya na tambaye shi dalili, ya ce haka yake a littafi, ni kuma na ja bakina na yi shiru, domin an ba ni gida mai ruwan zafi, uwata kuma tana gaya wa duk garinmu Mafeteng cewa 'yarta tana zama teburi ɗaya da Turawa. Na tuna ƙirazan da kunnena ya ji wani abu a cikinsu, na'ura ta ce babu, na bi na'ura.

Hanya a buɗe take. In rubuta masa sabon sakamako, in tura takardunsa ga masu biyan diyya, ya hau jakinsa yana sa min albarka, ya mutu yana ƙaunar 'yar siririyar nan mai tabarau. Har na fara gaya wa kaina cewa jinƙai ne in ƙyale tsoho da abin da ya riƙe.

Sista Mamello ta leƙo takardar ta kafaɗata. Shekara tara tana share ƙurar shaidar digirina a bangon ofis, ta san sunan da ke jiki. Ta dai tsaya da bututu a hannu ta ce, "Farfesa, in kira na gaba, ko da saura?"

Na ce da saura. Na jawo kujerata na zauna gabansa, gwiwa da gwiwa.

"Ntate, ni ce Moliehi Ramaili. Ni na sa hannu a nan."

Ya ƙura min ido, can sai ya kama hannuna da nasa biyu. "Makhotso, kin ji? Ita ce! Kai, 'yata, kin yi jiki. Ashe aure ya karɓe ki."

"Tsaya, Ntate, kada ka gode min. Ranar nan huhunka ba ƙalau yake ba."

Na yi masa bayanin da na yi wa ɗaruruwan mutane, amma ban taɓa jin nauyinsa a harshena irin na ranar ba. A ɗakin taro akwai allo da zane, a nan kuwa sai idon mutum. Na gaya masa maɓallin, na gaya masa abin da yake yi, na nuna masa alamar alƙalamina a cikin ɗan akwatin.

"Ban gane ba," in ji Mme Makhotso. Wasa ya bar muryarta. "Na'urar ce ta yi ƙarya ko ke?"

"Ni na gaya mata baƙi ne, Mme. Ita kuma ta yi abin da aka koya mata."

"Kin san haka take yi?"

"Na sani. Ban san girman abin ba sai daga baya, amma na san tana ragewa, kuma ban yi gardama ba."

Ta zauna a bencin coci, ta ɗora hannu a cinya. "Shekara ashirin ina zagin mutumin nan a kan taba. A gaban 'ya'yansa nake ce masa shi ya kashe kansa. Lofe uku na jefa a masai." Ta juya ta dube shi.

Shi kuwa ya saki hannuna, ba da fushi ba, kamar dai wanda ya tuna akwai abin da zai yi da hannun. Ya ninke takardar, ya rasa inda zai sa ta, ya ajiye a kan tebur. Ya daɗe yana tara numfashi kafin ya yi magana, kuma guntu-guntu ta fito.

"Mu goma sha biyu ne a ɗakinmu na kwana. Duk 'yan kwarin nan. Da na fito daga wurinki, sai na ce musu, ku bar layin likita Bature. Ku bi layin 'yar gida, ba za ta cuce ku ba." Ya huta. "Suka bi. Har 'yan wasu ɗakuna suka ji, suka bi."

Ban iya ɗaga kai ba. Na ce, "Ka yafe min, Ntate," na kuma ji yadda maganar ta fito ƙarama.

"Wannan sai na kwana da ita tukuna," ya ce. "Amma biyar daga cikinsu suna waje yanzu. Sauran matansu ne suka zo da takardun, mazan suna kwance a maƙabartar bayan coci. Ni na kai su wurinki, ya kamata a ce ni zan gaya musu." Ya dafa ƙirjinsa. "To ba ni da numfashin doguwar magana, 'yata. Ke kina da shi."

Na dubi Sista Mamello, ko za ta ce a bari sai an gama awo. Ta ajiye bututun, ta je ta buɗe ƙofar coci gaba ɗaya, ta tafa hannu sau biyu.

"Iyayena, a saurara. Farfesa tana da magana."

Na fita na tsaya a kan dakali. Tari ya lafa. Matan suka matso gaba, tsofaffin suka dogara sanda suka miƙe ɗaya bayan ɗaya, suka cire huluna kamar yadda suke yi wa fasto, suna murmushi, suna jira in yi musu albishir.