Furen Zogale da Raɓa

"Kai maigida, fure na ce ka tsinko min, ba reshe ba!"

Muryar Iya Tasalla ce daga ɗaki, tari ya yanke ta. Yusha'u bai sauko daga kan katanga ba sai da ya cika hularsa da furen zogale.

Katangar nan ce kaɗai tsakanin gidansu da nata a Karaye. Duk unguwar babu wanda bai taɓa lasar maganinta na tari ba, furen zogale jiƙe cikin zuma. Shi kansa da shi aka raine shi. Yanzu tarin ya zo kanta. Na asibiti bai yi mata ba, kwalbarta kuwa wayam, ta rabar. Ba abin da take so sai ta lasa nata.

"Ka shanya a inuwa tukuna," ta ce da ya shiga ɗakin ya nuna mata, "sai ya yi yaushi, raɓar ta fita."

"To, Iya."

Ya dubi ƙirjinta yana hawa yana sauka. Ya ga babu lokacin jiran inuwa. Yana shiga gida ya zuba furen ɗanye cikin kwalbar zumar da ya sayo a Rogo, ya toshe.

Ba a jima ba zumar ta tsinke, ta fara kumfa. Haka ya kawo, ba shi da wata. 'Yarta Asma'u ta tallafo ta zaune. Iya ta lasa, ta daɗe tana juya shi a baki.

"Da raɓa ka zuba."

Ya sunkuyar da kai.

"Ya yi tsami, Iya, bar shi," in ji Asma'u.

"Ina ruwanki? Mijina ya yi min. Ke naki me ya taɓa yi miki? Ƙaro."

Ta ƙara, ta ce ƙirjin ya saki. Yusha'u yana jin kukan ƙirjin daga bakin ƙofa.

Ranar Laraba ta rasu, bayan azahar. Da aka watse daga zaman makoki, Asma'u ta leƙo zaure ta miƙa masa kwalbar.

"Na so zubarwa, ta hana. Kullum sai ta sha."

Ya ɗaga ta wajen haske. Babu sauran zuma, sai furanni manne a gindi, sun yi baƙi, da sawun cokali inda aka kankare.