Tushe Ɗaya a Bayan Tanki

Tushe goma sha biyu Mama ta dasa a gangaren bayan gidanmu. Wata 'yar gajeruwar shuka ce mai ƙananan ganye, ba ta tashi sama, sai dai ta yi ta rarrafe tana rufe ƙasa, kuma rani da damina koriya take. Mama ta ce nan da shekara biyu ba za a ga ƙasar wurin ba. Wata biyar bayan nan ta rasu.

Baba tsohon direba ne, ko barkono bai taɓa shukawa ba, amma sai ya ɗauki shukar nan ya ɗora wa ransa. Ga fari, famfo sai ya kwana huɗu bai kawo ba, ɗan abin da ke cikin tanki muke lallaɓawa. Duk da haka safe da yamma zai kinkimi bokiti yana ɗingishi, ya bi tushe-tushe yana zubawa. Ganye ya soma rawaya, ya ƙara ruwa. Ɗaya ta mutu, ya ƙara. Har wankansa ya rage, abinci ma sai na yi da gaske. Na yi faɗa, na yi roƙo, duk a banza.

"Ƙishi ke damunsu," in ji shi. "Abu ɗaya uwarki ta bar mini, shi ma in kasa riƙewa?"

Ranar da ta ƙarshe da muke gani ta bushe, na iske shi zaune a ƙasa, hankalina ya tashi. Na je na ɗauko matar da ta sayar wa Mama dashen. Ta tsuguna ta ja tushe ɗaya, ya biyo hannunta ba gardama, saiwar baƙa ƙirin tana wari.

"Baba, wannan shukar da wahala ta saba," ta ce. "In ta kama ƙasa, sau ɗaya a mako biyu ya ishe ta. Ruwa ne ya ruɓar da su."

Baba ya dubi saiwar. Can ya ce, "Da hannuna na kashe su ke nan."

Matar ta bi ramukan da ido. "Goma sha ɗaya na gani. Ina ɗayar?"

A bayan tanki muka same ta, can ƙasan duwatsu inda gwiwar Baba ba ta barinsa ya sauka. Ta bazu ta kai faɗin faranti, kore shar. Baba ya miƙa hannu zai ɗauki bokiti, matar ta riga shi.

"In kana son ta, Baba, ka ƙyale ta."

Yanzu kullum da safe sai ya cika bokitin ya ɗauka har bakin duwatsun, ya tsaya yana leƙe.

"Ba ki ga kamar ta yi yaushi ba?"

"Lafiyarta lau, Baba."

Sai ya juyo da bokitinsa a cike.