Ƙura a Kan Fulogi

…to in ba matarsa ba, wa? Wa zai shigo ɗakin nan, ya zagaya bayan tebur, ya zare fulogin amfilifaya daga akwatin tace wuta, ya soka shi a bango kai tsaye kamar mai jona dutsen guga? Mai Kunne yana durƙushe, tocila a hannu, gwiwa tana yi masa tsiya. Ɗan burushin goge allurar injin faifai ne ya faɗi ya sunkuyo nema, ko karyawa bai yi ba, ga abin da ya tarar.

Shekara nawa yana yi wa mutane karatun nan? Wutar da ke shigowa gida ƙazama ce — firij ɗin maƙwabta yana cikinta, injin mai walda na bakin titi yana cikinta, kowa ya zuba dattinsa a waya. Sai akwatin ya tace ta sannan amfilifaya ya sha. Ba a ba amfilifaya wutar bango. Duk wanda ya taɓa zama a kujerar nan ya ji wannan huɗubar, har wanda ya zo gaisuwa kawai.

Mai gyaran wuta. Ƙwarai kuwa, shi ne. Mutumin nan mai fensir a bayan kunne da ya zo duba soket, yana ta kallon akwatin yana murmushi ƙasa-ƙasa… «Alhaji, wannan me yake yi?» An yi masa bayani, ya ce to, irin «to» ɗin da ake ce wa yaro. Ya cire don ya gwada soket, ya mayar inda hannunsa ya kai. Ko da gangan? Yana can yana ba abokan sana'arsa labari… Amma yaushe ma ya zo? Kafin a yi wa falo fenti. Sati bakwai ke nan.

Sati bakwai? A'a. Ba zai yiwu ba.

Yana matso da tocila. Ƙura ta kwanta a kan fulogin lif, babu sawun yatsa ko ɗaya. Ga zaren gizo daga wayar zuwa ƙafar tebur — to gizo ai a yini ɗaya yake saƙa, wannan ba hujja ba ce. Ƙurar fa? Ramin akwatin da ya kamata fulogin ya zauna, shi ma ya cika da ita.

Shekara talatin da ɗaya a gidan rediyo, a gaban teburin haɗa sauti. Ba uwarsa ce ta raɗa masa Mai Kunne ba. Ranar da ya dakatar da ɗaukar shiri ya ce akwai waya mai ƙugi a makirfo na uku, injiniyoyi huɗu suka rantse babu, aka buɗe aka samu… manaja da kansa ya sauko ya ba shi hannu. Bai tara gidaje ba, bai yi suna a wani abu ba. Kunnen nan ne kawai. In aka ce yau babu shi, wane ne zaune a ɗakin nan? Wani tsoho mai tarin wayoyi.

Juma'ar da ta wuce — innalillahi — mijin 'yarsa Auta yana zaune a nan, shi kuma yana tsaye a kansa yana nuna akwatin da yatsa. «Ka ji shirun da ke tsakanin kiɗan? Tas, babu ko ɗigon datti. Aikin wannan ne.» Yaron yana gyaɗa kai, gyaɗa kai irin na surukai, wanda ko cewa ka yi jaki ya haihu a cikin sifika zai gyaɗa. Ya gani? Daga kujerar ana hango bango? Yana leƙawa… ba a hangowa. Amma Auta ta shigo da shayi ta tsaya daidai can. Ta kalli mijinta. Me ya sa ta kalli mijinta?

Bar su. Asabar ce maganar.

Kowace Asabar da hantsi, tun da aka kawo akwatin: ya zauna, ya rufe ido, ya toshe kunnuwa da yatsu, uwar 'ya'yansa ta kashe komai, ta shiga bayan tebur ta sa fulogin inda ta ga dama, akwati ko bango. Ta kunna, ta ɗora faifan matar nan mai jita. Minti ɗaya ya ishe shi. Ya ce akwati, ko ya ce bango. Ita kuma ta ce, «Ka canka, Malam,» ta koma kicin. Shi ya koya mata wasan, shi ya kafa dokar, don kada wani ya ce son zuciya ne yake ji ba sauti ba.

Asabar bakwai. Ya ce akwati… sau huɗu? Biyar? Kowane sau ya canka. Fulogin kuwa yana bango, ƙura tana hawa kansa.

Me take yi a bayan teburin, in ba ta taɓa komai? Tsayawa take tana ƙirga goma? Dariya take dannewa? Shekara talatin da takwas suna tare, bai taɓa kama ta da ƙarya ba ko a kan gishiri, ashe… A'a, tsaya. Akwai ranar da ya faɗi. Wata uku ke nan ko fiye. Ya ce akwati, ta ce, «Bango ne fa,» da 'yar dariyarta. Ya yi kwana biyu ba ya iya cin abinci, ya kwance wayoyin duka ya sake ɗaurawa, ya yi wa jikarsa tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Tun daga ranar bai sake faɗuwa ba. Ya ɗauka wayoyin ne.

Raini ne ko tausayi? Gara raini. Wallahi gara raini, shi ana iya yin faɗa da shi.

Ga kuma 'yar ƙararrawar nan, siririya, da ke shigowa a ƙarshen baiti na biyu ta sifikar hagu. Yaushe rabon da ya ji ta… Ya ce allura ce ta cinye, ya canza. Ya ce sabuwar jabu ce, ya mayar wa mai shago, har da ɗaga murya a gaban mutane. Mai shagon ya sa ta a nasa injin, ya saurara, ya dubi Mai Kunne, ya ba shi wata. Shi ma? Shi ma yana cikinsu? Mutum nawa ne suke lallaɓa shi a garin nan kamar ƙwai a cokali?

Sai ya gwada da kansa mana. Ya cire, ya sa a akwati, ya saurara… ya san inda ya sa, zai ji abin da yake so ya ji. Shi ya faɗa wa kowa haka. Gwajin yana bukatar hannun wani, hannun da yake da shi kuma ɗaya ne, na matarsa.

Yana miƙewa da kyar, bai taɓa fulogin ba. Yana kiranta. Ta shigo tana goge hannu da gefen zani.

«Yau ai ba Asabar ba ce, Malam.»

«Na sani. Yi haƙuri ki yi min.»

Ya zauna, ya rufe ido. Yatsun suna bakin kunne amma yau bai tura su ba — shi ma ya iya ha'inci. Fulogin nan mai tauri ne, in an zare shi sai ya yi ƙara. Yana jira. Yana jira… Shiru. Ba ta taɓa ba ke nan. Ko ta taɓa? Ko ta zare, ya yi ƙararsa, ta mayar, duk a bayansa taku uku, shi yana nan zaune da kunnuwa a buɗe?

Jita ta fara. Muryar matar ta shigo. Baiti na ɗaya… na biyu… hagu, hagu, yanzu ne, yanzu…

Hannunta ya sauka a kafaɗarsa, ya zabura. Ta sunkuyo ta ɓangaren dama, dab da fuskarsa.

«Na ce, wanne ne?»

Na ce. Sau nawa ta ce? Bakinsa a buɗe, idonsa a rufe, faifan yana ta juyawa, ya gaji, ya gaji ƙwarai, ita kuma tana tsaye tana jira ya faɗi ko wanne.