Darasin Albasa Ya Tsaya Rabi

"Riƙe mini wayar, Audu, hannuna rawa shikai," in ji Malam Waliyyu. "Danne nan da yatsa, in ka saki saƙon ya tahi."

Na karɓa ba don ina so ba. Yana jingine da bangon zaurensa a nan Jega, ciwon hanta ya tsotse shi har hularsa ta yi masa yawa. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu, kuma firamare ɗaya muke koyarwa, sai dai na riga shi shiga aji da daɗewa. A gabansa akwai faranti, da wuƙa, da albasa biyu 'yan Aliero.

Kowace Asabar da safe yakan aika darasi da muryarsa a wani guruf na WhatsApp da ya haɗa malaman Jega da Aliero da Maiyama. Ta nan aka san shi, ta nan aka kira shi bita Birnin Kebbi har ya dawo da jaka mai tambari. Ni kuwa na ce wasan yara ne, na ƙi shiga. Amma jakar nan duk ranar da na gan ta a kafaɗarsa sai abinci ya fita raina.

Na danne inda ya nuna, ya yi sallama ga malamai, ya fara. "Yau rabi da kwata da sulusi za mu yi. Ku samu albasa biyu masu kai ɗaya."

Nan take na gane. Dabarata ce. Ni na ƙago ta tun yana ɗan koyon aiki, yana leƙena ta taga. Yaro kullum gani yake kwata ya fi sulusi girma, tunda huɗu ta fi uku, kuma ba abin da ke cire masa wannan sai ya riƙe yankan albasa a tafin hannunsa.

Ya yanka ta farko gida huɗu, sai tari ya sarƙe shi. Wuƙar ta faɗi a faranti.

"Audu," ya ce da ƙyar, "ƙarasa musu."

"Ni? In ƙarasa mi?" na ce. "Ai kai aka sani. Kai ka ɗauki abina ka kai kasuwa, anka ba ka jaka, anka yi ta yi maka tahi da hannu. Wa ya san da wani Audu?"

Ya dube ni, ya dubi hannuna. Sai a lokacin na tuna yatsana na kan madannin wayar. Na zabura na saki, wayar ta yi ɗan ƙara.

"Ya tahi," in ji shi, har da guntun murmushi.

"Goge shi!"

"Bar shi, Audu. Na gaji."

Matarsa Mairama ta leƙo ta ce a bar shi ya kwanta. Na fita ina jin kamar in nutse. Ranar Litinin bayan la'asar na ji kukanta ta kan katanga.

Na yi kuka, gaskiya, don maƙwabci ne da bai taɓa ɗaga mini murya ba. Amma da na ga zaman makoki, tsohon ciwona ya motsa. Babura sun cika lungunmu har bakin masallaci. Malamai daga Mungadi, daga Fagada, wasu ko fuskarsa ba su taɓa gani ba, muryarsa kawai suka sani, ga su suna share hawaye. Na dubi takalman da ke ƙofar zaure, na tambayi kaina ko nawa zaman makokin zai cika tabarma biyu. A gidan mutuwa nake, ina kishin mamaci.

Kuma kowane baƙo ya shigo sai in sunkuyar da kai, don na san duk sun ji abin da na faɗa.

Wani dogon Bafulatani ya tsallake mutane ya durƙusa gabana. Ya ce sunansa Gidaɗo, yana koyar da 'ya'yan makiyaya a wajen Karaye.

"Kai ne Malam Audu mai albasa?"

Na ce ni ne, ina jiran abin da zai biyo.

"Mun daɗe da sanin sunanka. Marigayi ba shi fara darasin lissahi sai ya ce, wanga daga maƙwabcina Audu na same shi. Mun sha cewa shi kawo muna kai, shi ce ka ƙiya."

Na sunkuyar da kai na ce, "Kun ji saƙon Asabar?"

"Mun ji." Ya gyara durƙusonsa. "Ni dai yarana sun yanka ta hwarko gida huɗu, ta biyun tana nan cikin ƙwarya. Ban san yadda zan yi da ita ba, Malam."

Ranar Juma'a Mairama ta kira ni bakin ƙofa, ta miƙo wayar ta bayan labule.

"Ya ce in ba ka, Baban Salma. Ya ce ka san inda aka dannawa."

Ta haɗa mini da jakar. Na so in ce ba na so, sai na ga hannuna ya riga ya karɓa.

Asabar da safe na shimfiɗa tabarma a zaurena. Ta katanga ina jin Mairama tana shara a hankali. Na jingina wayar da buta, na jawo faranti, na yanka albasa gida uku. Yajinta ya cika mini ido, na bar shi yana zuba. Sannan na goge yatsana a riga, na ɗora shi a kan madannin.