Tukunyar da Aka Bari a Wuta

Goggo ba ta taɓa shiga silima ba sai da ɗiyar ƙanenta, mai duba tikiti a bikin finafinan duniya na shekara-shekara, ta samo mata kujera. Fim ɗin na wata ƙasa mai nisa ne, ko kalma ba ta gane ba. Amma ta ga wata mata ta ɗora tukunya a wuta, ta ɗauki jakarta ta fice, sai fim ya ƙare.

Aka kunna fitilu, mai fim ɗin ya fito da tafintarsa don amsa tambayoyi. Abin yana ta cin Goggo, ta ɗaga hannu.

"Ɗan nan, wa ya sauke tukunyar?"

Ɗiyar ƙanenta ta rufe fuska don kunya. Da aka fassara, mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Wai mahaifiyarsa ce," in ji tafinta. "Kicin ɗinta suka ara. Tana bayan kyamara tana ta faɗa kada a ƙona mata tukunya."

Goggo ta gyara zama. "Yawwa. Da ma na san da babba a gidan. Ki ce ya gaishe ta."