Miyar Gidan Ƙarshe

Aikina a asibitin unguwa surutu ne. In tara mata ƙarƙashin rumfa, in nuna musu hoton zuciya, in roƙe su su rage gishiri saboda hawan jini. Su ce "to, Malama", su koma gida su zuba son ransu. Shi ya sa da shugabarmu ta ce lokaci ya yi da za a duba ko shirin ya yi amfani, na ce ni ba zan yi tambaya ba, kowa ya iya cewa "na rage". Gida-gida zan bi in ɗanɗana miya. Tun ranar abokan aiki suke kirana Cokali.

Ashe na zalunci matan, sun ji magana. Kowace tukunya na taɓa, lami. Ya kamata in yi murna, amma ni da abin da ke cin raina. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke Umma nake neman ɗanɗanon miyarta. Hannunta nauyi gare shi wajen gishiri, nawa kuwa matsoraci ne. Na gwada har na haƙura.

Gidan ƙarshe a layin na wata tsohuwa ce mai ɗinki. Na same ta gefen kekenta, ta ɗora kumburarrun ƙafafu kan buhun ƙyallaye.

"Ke ce mai shan miyar mutane kyauta? Zauna, 'yata."

Ina kai cokali baki na ji gishiri irin na Umma, sai ga ni a kicin ɗinmu: tukunyar nan mai kunne ɗaya, da bayan Umma tana juya miya tana yi mini faɗan yawo ba takalmi. Kewarta ta taso mini. Tsohuwa ta ga hawaye, na ce yaji ne.

Na auna jininta, ya hau sosai. Idan na yi shiru, na samu gidan zuwa duk ranar da kewa ta ishe ni. Na kuma san inda shirun zai kai ta, don na taɓa raka wata can.

"Iya, ƙara mini," na ce.

Na shanye, na suɗe kwano. Sannan na gaya mata gaskiya tas, har da yadda bakin Umma ya karkace, na kuma sa jikarta ta kawo ta asibiti.

Da na koma bayan ta fara shan magani, da ƙafarta ta tarbe ni a bakin ƙofa, kumburin ya saɓe. Tana rawar jiki ta zubo miya.

"Ɗanɗana ki ji. Na bi maganarki."

Lami, kamar ta kowa.

"Ta yi?"

"Ta yi, Iya."

Ta ƙura mini ido. "To kukan na mene ne? Yau ko yaji ban sa ba."

Na miƙa mata kwanon. "Ƙara mini."